Gudun Mota A Majigi, Da Allah Wanda Ba Ya Gaggawa

A wannan karo za mu taɓo zancen da wasu za su ga kamar bai dace da filin bangaskiya ba, watau zancen majigin gudun mota irin na da. To, a yi mana haƙuri a biyo mu sannu, gama akwai inda muka dosa.

Duk wanda ya saba shiga gbaka ya sha jin aparanti yana rataye a ƙofa yana kiran Ajame Liberte, ko kuwa ya ji ana kwatance da Ajame Roxy. Yaran yanzu suna tsammani sunayen unguwanni ne kurum. A'a, sunayen gidajen sinima ne. Har Kasuwar Guro ta Roxy, inda matan ƙabilar Guro suka kafa cinikin kayan abinci tun cikin shekarun 1970, sunan sinima ta ci. A wancan zamani in magariba ta yi, aka rufe buhunan albasa, aka jingine amalanke, sai ka ga 'yan dako da mahauta da karnukan mota sun yi wanka sun sa rigar fita sun nufi sinima, na Ajame su tafi nasu, na Tireshbil su nufi Rio. Wata rana a nuna na Indiya, wata rana na kaboyi ko na karate, wata rana kuma na 'yan sanda da ɓarayi, inda mota ke korar mota. In aka zo wurin gudun, ba mai iya zama a kan benci. Kowa ya miƙe yana ihu yana ba direba shawara, sai ka ce direban yana jinsa.

Yau yawancin waɗannan gidaje na unguwa sun rufe. Kaset ɗin bidiyo ya fara kashe su, faifan sidi ya biyo baya, wayar hannu ta ƙarasa. Waɗansu sun zama kantuna, waɗansu kuwa sun zama majami'u. Ashe ɗakin da aka sha ihun gudun mota a cikinsa, yanzu a nan ake wa'azin rai madawwami. Wannan ya sa muka ce bari mu haɗa zancen biyu mu ga ko ɗaya zai haska mana ɗaya.

MINTI GOMA SHA ƊAYA

Masana majigi sun yarda cewa uban duk gudun mota shi ne wanda ke cikin Bullitt, fim ɗin da aka fitar a Amurka a 1968. Steve McQueen ne ɗan sandan, yana cikin koriyar Ford Mustang. Makasa biyu suna cikin baƙar Dodge Charger. Da farko su ne ke binsa a sace a titunan San Faransisko, sai ya ɓace musu, can sai direbansu ya duba madubi ya ga wanda suke farauta ya dawo bayansu. Direban ya ɗaura bel. Nan take kiɗa ya tsaya, ba a sake jin komai ba sai kukan inji da ƙarar taya. Motocin suka riƙa tsalle a kan tuddan birnin suna dirowa, har aka fita bayan gari, inda Charger ta faɗa gidan mai ta kama da wuta. Duka-duka gudun bai kai minti 11 cif ba.

Mai kallo yakan ɗauka abin ya faru ne a numfashi ɗaya. Gaskiyar magana, makonni aka yi ana ɗaukarsa, yau a wannan unguwa, gobe a waccan, daga baya wani gwani mai suna Frank Keller ya zauna ya yayyanka hotunan ya harhaɗa, har ya ci kyautar Oscar a kan wannan aiki. Masu lura sun daɗe da gano cewa akwai wata koriyar Volkswagen, irin wadda muke kira ƙwaro, da motocin suka wuce ta sau da dama, don gangara ɗaya ce aka ɗauka da na'urori da yawa aka jera ta kamar gangara daban-daban. Charger kuma ta zubar da marfin taya fiye da adadin tayoyinta.

Ga abin da muke so a riƙe. Majigi irin na da hotuna ne tsayayyu a jere a kan doguwar leda, ana wuce da guda 24 a gaban fitila cikin kowace daƙiƙa, sai ido ya ga kamar motsi. Gudun Bullitt ya haura hoto dubu 15, tsawon ledarsa kusan mita 300, kuma duk wannan yana naɗuwa a faifai ɗaya da mutum zai iya ɗauka da hannu. Mu da ke kan benci hoto ɗaya muke gani a lokaci ɗaya. Wanda ya wuce ya wuce, wanda ke tafe ba mu san shi ba, shi ya sa gabanmu ke faɗuwa. Amma mai haska majigi da ke can ɗakin sama, farkon gudun da ƙarshensa duk suna hannunsa a tare. Ɗaura bel da gobarar gidan mai suna naɗe a wuri guda.

ABIN DA DAWWAMA TAKE NUFI

Idan muka ce Allah Madawwami ne, da yawanmu abin da muke nufi shi ne ya daɗe ƙwarai, kuma zai ƙara daɗewa, kamar wani dattijo da ya girmi kowa. Ikilisiya tun farkonta ta koyar da abin da ya fi wannan zurfi. Wanda ya fi kowa bayyana shi kuwa ɗan Afirka ne, watau Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya, ya kuma zama bishop na Hippo, watau Annaba ta yanzu, har ya rasu a 430. A cikin littafin da ya rubuta na furta zunubansa da yabon Allah, ya tsaya ya yi tambaya, shin mene ne lokaci? Ya lura cewa jiya ba ta nan, gobe ba ta zo ba, yanzu kuwa kafin ka kama ta ta zama ɗazu. Sai ya kai ga cewa lokaci shi ma halitta ne, tare da sama da ƙasa aka yi shi. Saboda haka Allah ba ya cikin lokaci kamar yadda muke ciki. Ba ya jiran gobe, jiya kuma ba ta kuɓuce masa ba. Dukan zamanai a buɗe suke a gabansa.

Kada a ɗauka mutanen zamanin Agustin ba su san daɗin gudu ba. Suna da tseren karusan dawaki, kuma shi kansa ya ba da labarin abokinsa Alipiyus, wanda son kallon wasannin filin tsere na birnin Kartaj ya kusa lalata masa karatu. Bayan Agustin da kamar shekara ɗari, wani malami Kirista na Roma mai suna Bowetiyus, yana kurkuku yana jiran a kashe shi wajen shekara ta 524, ya ɗauki wannan zance ya amsa tambayar da ke damun kowa: idan Allah ya riga ya ga ƙarshen, ashe mu ba mu da zaɓi ke nan? Ya kawo misalin mai kallon masu tuƙa karusa. Kana ganin mai karusa yana karkata dawakinsa dama ko hagu, amma ganinka ba shi ne ya karkata su ba. Hannunsa ne a kan linzami. Haka Allah yake ganin dukan tafiyarmu a gabansa, sitiyarin kuwa yana hannunmu, kuma za a tambaye mu yadda muka murza shi.

A nan ne ya kamata mu ja birki, don kowane misali yana da iyaka. Mai haska majigi bai san McQueen ba, ba ya ƙaunarsa, ba ya iya shiga cikin ledar ya taimake shi. Mu kuma ba hotuna ba ne da aka gama ɗauka aka rufe a gwangwani. Misalin faifai abu ɗaya kawai yake koya mana: abin da yake mana gaba da baya, a wurin Allah a haɗe yake. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su, muke kuma zaman makoki da biki tare, su ma sun shaida Allah ba shi da farko ba shi da ƙarshe. A kan wannan bakinmu ɗaya.

INA MASU GUDUN SUKE?

Bari mu koma kan direbobin. Wanda ya tuƙa baƙar Charger, Bill Hickman, shi ne kuma ya shirya gudun The French Connection na 1971, inda Gene Hackman ya bi jirgin ƙasa mai tafiya a kan gada, shi yana ƙasa da mota, a unguwar Buruklin ta Niyu Yok. An ɗauki wani sashe na wannan gudu a titi mai cike da mutanen da ba su san ana fim ba. Mai ba da umarnin fim ɗin, William Friedkin, da girma ya zo masa ya sha faɗa cewa ganganci ne ya yi da ran jama'a. Hickman ya rasu a 1986, Friedkin a 2023, Hackman a 2025.

Masu jin Faransanci sun san Rémy Julienne, wanda ya shirya gudun ƙananan motocin Mini a birnin Turin cikin The Italian Job na 1969, da kuma gudun Belmondo da Omar Sharif a birnin Atina cikin Le Casse na 1971. Julienne da Belmondo duk sun rasu a 2021. Akwai kuma H. B. Halicki, wanda ya farfasa motoci 93 a cikin Gone in 60 Seconds na 1974, ya fita da ransa, amma a 1989 wajen ɗaukar kashi na biyu turken waya ya faɗo masa ya mutu nan take. A 1999 ma, wajen ɗaukar Taxi 2 a Faris, mota ta wuce inda aka auna mata ta kashe mai ɗaukar hoto. A kan allo in mota ta kife sai a tafa. A bayan allo akwai waɗanda aka kai makabarta.

Shi kansa McQueen labarinsa ya isa wa'azi. Ya tashi ba uba a gida, ya yi zaman gidan horon yara, ya zo ya zama ɗan wasan da ya fi kowa albashi a zamaninsa. Gudu kuwa ba na majigi kaɗai yake yi ba: a 1970 ya zo na biyu a tseren awa 12 na Sebring da ƙafarsa a ɗaure saboda karaya. A 1977 ya rubuta wa mutumin da ya sayi Mustang ɗin Bullitt takarda yana roƙon a sayar masa da ita, aka ƙi. Wajen 1979 ya koma wani ƙaramin gari a Kalifoniya yana koyon tuƙin jirgin sama, sai halin dattijon da ke koya masa ya burge shi, ya fara bin sa zuwa majami'a a Bentura, har ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. Bayan 'yan watanni likitoci suka gano yana da ciwon daji a ƙirji. Kwana kaɗan kafin rasuwarsa mai wa'azi Billy Graham ya ziyarce shi ya ba shi nasa Littafi Mai Tsarki. Ya rasu ran 7 ga Nuwamba 1980 a Meziko, yana da shekara 50. Motar da aka hana shi kuwa, an yi gwanjonta a watan Janairu 2020 a kan dalar Amurka miliyan 3 da dubu 740.

Ku duba fa, jama'a. Ƙarfe ya fi mai shi daɗewa, leda ta fi ƙarfe daɗewa, har yau in ka kunna waya za ka ga McQueen yana saurayi yana murza sitiyari. Wasu sukan ce ai ɗan wasa ba ya mutuwa. Wannan dawwamar hoto ce. Hoton bai san kansa ba, ba ya jin yabon da ake masa, kuma ba ya iya sauya ko kwana ɗaya a cikin gudun. Maimaici ne kawai. McQueen da kansa, da ya ga inda hanya ta nufa, bai dogara ga faifan Bullitt ba. Ya nemi wanda ke riƙe da rai. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Mu kuma sai mu ƙara da cewa, in ka ga mai gudu ya tsaya, to ya gamu da wanda ba a tsere masa.

WA KE BIN WA?

Littafi Mai Tsarki ma cike yake da gudu da kora. Fir'auna ya bi Isra'ilawa da zaɓaɓɓun karusai 600 har bakin teku. A littafin Sarakuna na biyu akwai Yehu, wanda mai tsaro a kan hasumiya ya gane shi tun daga nesa saboda haukan tuƙinsa. Da Yehu yana Abijan yau, ba shakka layin Abobo zuwa Ajame zai riƙa yi. Annabi Yunana, wanda 'yan'uwanmu ke kira Yunusa, an aike shi Nineba ta gabas, sai ya biya kuɗin jirgin ruwa ya nufi Tarshish ta yamma. Shawulu ya kama hanyar Dimashƙu yana farautar masu bi, shi da kansa aka kama a hanya, ya zama Manzo Bulus. Abin da ya faru a madubin Charger ke nan: mai farauta ya duba ya ga ashe shi ake bi.

Sai dai bin da Allah yake yi wa mutum ya bambanta da na ɗan sanda. Ɗan sanda yana taka totur don yana tsoro kada ɓarawo ya tsallake iyaka. Allah ba shi da wannan tsoro, domin inda za ka gudu ka je, da ranar da za ka isa, duk a gabansa suke. Shi ya sa yake da haƙuri. Haƙurinsa ba nawa ba ne, ba kuma mantuwa ba ce, dama ce yake ba mutum ya juyo. Akwai wani fim na 1971, Vanishing Point, wanda Faransawa suka sa wa suna Point limite zéro. Direban farar Dodge Challenger ya taso daga Denba zai je San Faransisko, 'yan sandan jiha bayan jiha suna binsa, ba wanda ya iya kama shi. Daga ƙarshe aka tare hanya da katafila biyu, shi kuwa ya yi murmushi ya ƙara wuta ya faɗa musu. Samari da yawa sun ɗauki wannan a kan jarumtaka. Mu kuwa abin tausayi muka gani, mutumin da bai san inda zai tsaya ba sai bango. Bishara tana cewa a ƙarshen hanyar mai gudu akwai Uba da ke tsaye yana duban hanya yana jiran ɗansa ya komo.

Nan kuma muka zo ga abin da ya keɓanta da bangaskiyarmu ta Kirista. Mun gaskata cewa Madawwamin nan bai zauna a ɗakin sama yana kallo kawai ba. Ya shigo cikin lokaci, aka haife shi a zamanin Kaisar Augustas, ya yi girma shekara bi shekara kamar kowane yaro, ya yi kusan shekara 30 kafin ya fara wa'azi. Da ƙafa ya yi yawancin tafiyarsa, ranar da ya shiga Urushalima kuwa jaki ya hau. Ana kiransa da gaggawa gidan shugaban majami'a wanda 'yarsa ke bakin mutuwa, amma ya tsaya a hanya saboda wata mace mai ciwon shekara 12 da ta taɓa rigarsa. Da aka aiko masa Li'azaru ba shi da lafiya, sai da ya ƙara kwana biyu. A idon mutane ya makara. Amma wanda mutuwa ba ta fi ƙarfinsa ba, ina zancen makara a wurinsa?

DAGA ALLO ZUWA KASUWA

To, me wannan ya shafi Kasuwar Guro? Ya shafe ta ƙwarai, gama babu inda ake tsere da lokaci kamar kasuwar kayan gwari. Tun kafin asuba manyan motoci suke isowa daga Zuwenula da Buwafile da Sinfira da sauran garuruwan noma, da ayabar suya da doya da rogo da gauta da kuɓewa da tumatir. Tumatir ba ya jiran kowa, in rana ta take bai fita ba, ribar ta narke. Albasar Galmi takan yi tafiyar fiye da kilomita dubu 2 daga ƙasar Nijar, kowane kwana da aka ƙara a kan iyaka asara ce. Mai garba yana jiran kifi, mai amalanke yana son ya yi sawu goma, direban gbaka kuwa sai ya haɗa kuɗin mai mota da kuɗin mai kafin ya ga nasa. Ba za mu zauna a inuwa mu ce wa waɗannan bayin Allah su daina sauri ba. Mun san haya ba ta jira, kuɗin lakwal ba ya jira.

Amma akwai sauri, akwai kuma gaggawa. Sauri shi ne ka tashi da wuri ka yi aikinka da himma. Gaggawa ita ce zuciya ta raya maka cewa in ba ka riga wancan isa Liberte ba ka halaka, har ka hau gefen titi inda mata ke tafiya da kaya a kai da goyo a baya. Ƙannenmu direbobi da aparanti, ku tuna an rufe wa McQueen tituna kafin ya yi gudunsa, akwai kuma direbobin kasada da suka karɓe shi a wuraren da suka fi haɗari. Ku ba wanda ya rufe muku titin Nangui Abrogoua. Yaron da ya ɓullo daga bayan tebur ba hoto ba ne, ba a kuma sake ɗauka. Tun watan Maris 2023 hukuma ta kawo lasin mai maki 12, wanda ake ragewa in ka yi laifi. Wannan ya yi kyau. Sai dai tsoron jandarma yana ƙarewa inda idon jandarma ya ƙare. Wanda ya rubuta sunan Allah a goshin motarsa, ya kamata ya tuna cewa Mai sunan yana ganin wanda ke gaban motar, yana kuma ƙaunarsa kamar yadda yake ƙaunar na cikinta. Mutumin da aka halitta domin rai na har abada bai kamata a sayar da shi a kan fasinja biyu ba.

Ƙasar nan ma ta taɓa koya wa duniya darasi a kan gudu. An fara tseren motoci na Bandama a 1969, har ya shiga gasar duniya daga 1978 zuwa 1992. A tseren 1972, gwanayen Turai sun zo da motocinsu da makanikansu, amma ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. Hanya ta cinye su duka. Sauri ya haifi nawa.

Ɗaya gefen zancen kuma na ta'aziyya ne. Mu da muka daɗe a birnin nan mun ga abubuwa. Mun ga rasuwar Shugaba Ufuwe Bwanyi a watan Disamba 1993, wata ɗaya bayan haka aka karya darajar sefa, mutane suka kwana da kuɗi suka tashi da rabinsa. Mun ga gobarar babbar kasuwar Tireshbil a 1997. Mun ga rikicin 2002 da na 2010 zuwa 2011, lokacin da baƙo ba ya iya barci da ido biyu rufe. Mun ga rushe-rushen 2024 a Gesko da Boribana da ƙauyen Ajame. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai wanda ya ɗaga kai sama ya ce, ya Ubangiji, har yaushe? Wannan tambaya ba saɓo ba ce, masu Zabura ma sun yi ta. Mu da ke kan benci hoto ɗaya muke gani, kuma in hoton na wuta ne, sai mu ga kamar nan labarin ya ƙare. Ba mu da ikon gaya wa uwar da ta rasa rumfarta dalilin da ya sa, kuma duk wanda ya ce ya san dalilin, a yi hattara da shi. Abin da muke da shi shi ne wannan: ranar asararta da ranar da za a share mata hawaye duk suna gaban Allah ɗaya, kuma wannan Allah ya san ɗacin kuka, don ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa. Aikinmu a tsakanin ranakun biyu shi ne mu kama mata, da bashi marar ruwa, da buhun shinkafa, da zuwa gaisuwa.

Zabura ta 90, wadda ake danganta wa Annabi Musa, ta auna gajeren ran ɗan Adam da dawwamar Allah, kuma ba ta ƙare da fid da zuciya ba. Ta ƙare da roƙon hikima da roƙon albarka a kan aikin hannu. Muna ba iyalai shawara su karanta ta tare a wannan wata. Wanda kuma ya samu dama ya sake kallon Bullitt, ya kalla, ba laifi, ya ma ƙirga sau nawa koriyar ƙwaron nan ta fito. Amma in ya gama, ya tambayi kansa, ni wa nake bi, me kuma nake gudu? In bashi ne, a je a zauna da mai shi. In ɗan'uwa ne aka ɓata da shi, kada a ce sai an koma gida da rani, gama ba a ba mu faifan mu duba sauran mita nawa ba. In kuwa Allah ne mutum yake gudu, to ya sani ya riga shi isa.

Allah ya kiyaye direbobinmu da fasinjojinsu, ya sa albarka a kasuwar iyayenmu mata na Guro da ta 'yan'uwanmu masu albasa, ya ba ƙasar Kodebuwa da ƙasashenmu na asali zama lafiya. Masu son aiko da tambaya ko ƙarin bayani, ƙofar wannan fili a buɗe take. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.